Yadda ake zaɓar banish marar sheƙi a fesa shi kan ƙananan samfura ba tare da ya yi fari ba

Banish marar sheƙi shi ne hannu na ƙarshe da ake yi wa samfur, kuma shi ne hannun da ya fi lalata aiki. Mutum zai kwashe makonni yana harhaɗa jirgin sama mai sikeli 1/48 ko tankar yaƙi mai 1/35, ya yi fenti, ya liƙa sitika, ya yi aikin tsufa da datti, sai a cikin minti biyar na ƙarshe jikin samfurin ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Wani kuma nasa ya bushe yana ƙyalli, alhali kwalbar ta ce marar sheƙi ne. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, kuma wanda ya gane tushen ba zai riƙa ɗora wa kwalba laifi ba.

Abin da ke cikin kwalbar

Duk wani banish marar sheƙi asalinsa mai sheƙi ne. Abin da ya bambanta shi kawai shi ne wani gari mai matuƙar laushi da aka zuba a ciki, galibi garin silika. Idan an fesa banish ɗin, tina (ruwan da ake tsinka shi da shi) ta bushe, kaurinsa ya ragu, sai ƙwayoyin garin nan su ɗan tsattsago a sama su mai da fuskar ta zama mai ƙaiƙayi, wato ɗan kaushin da ido ba ya gani. Haske idan ya sauka a irin wannan fuska sai ya watse ta ko'ina maimakon ya dawo ta gefe ɗaya. Wannan watsewar ita ce rashin sheƙi.

Daga nan komai ya samo asali. Idan garin ya yi kaɗan a abin da ka fesa, ko ya nutse a cikin banish mai kauri, za ka samu sheƙi. Idan ya yi yawa, ko ruwan da zai riƙe shi ya bushe tun a iska, za ka samu fari. Aikinka duka shi ne ka sa garin ya isa jikin samfurin daidai gwargwado, ya kwanta a cikin siririn banish mai ɗan danshi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani tun farko: banish marar sheƙi yana ɗan kashe launi. Baƙi zai koma toka-toka mai duhu, kore mai duhu zai ɗan yi haske, bambancin da ka sha wahala ka fitar tsakanin launuka biyu masu kama da juna zai ragu. Ba lahani ba ne, haka watsewar haske take yi. Don haka idan ka san da shi za ka rufe, ka ɗan ƙara ƙarfin inuwa da haske tun a lokacin fenti.

Wanne za a zaɓa

Kada ka fara da tambayar wane kamfani ya fi. Ka fara da tambayar me ke ƙarƙashi, domin tinar da ke cikin banish ita ce za ta taɓa fentinka da sitikarka.

Nau'i na farko shi ne akirilik na ruwa, irin su Vallejo Matt Varnish, AK Interactive Ultra Matte, da Galeria na Winsor & Newton wanda asalinsa na masu zane ne amma masu samfura suka karɓe shi. Ba shi da wari sosai, kuma ba ya cin abin da ke ƙarƙashinsa, ko fentin mai ne ko inamel ko sitika. Rauninsa: yana saurin bushewa a kan tsinin allurar bindigar feshi (ƙaramar na'urar da ake fesa fenti da ita da ƙarfin iska, wato airbrush), yana daɗewa kafin ya yi ƙwari, kuma ba ya son fuska mai maiƙo. Wanda aka rubuta wa foliyuretan yana bushewa ya zama wata 'yar fata mai taushi, wadda idan ka ja ta daga gefe za ta iya biyo ka.

Na biyu shi ne akirilik na alkohol, wanda Tamiya XF-86 ke wakilta. Yana fita daga bindiga cikin sauƙi, ana tsinka shi da X-20A, kuma ya yarda da tinar lakwa ma. Rashin sheƙinsa ba mai tsanani ba ne, yakan bar ɗan haske kaɗan, abin da ke yi wa jirage kyau. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa: Tamiya X-21 Flat Base ba banish ba ne. Garin kashe sheƙi ne zalla a cikin ɗan ruwa, an yi shi ne don a zuba a cikin fenti mai sheƙi. Wanda ya fesa shi shi kaɗai zai ga samfurinsa ya koma fari tas. Idan kana so ka haɗa naka, zuba shi a cikin X-22 mai sheƙi, ka fara da kashi 1 cikin 10, ka riƙa ƙarawa kana gwadawa, kuma ka yi hattara da zarar ka kusa kashi 1 cikin 4.

Na uku shi ne lakwa: Mr. Color GX114 da GX113, Tamiya LP-23, da Testors Dullcote. A ganina nan ne ake samun fuska mafi laushi da ƙwari. Yana bushewa cikin mintuna, siriri ne, ba ya cike layukan jikin jirgi. Amma tinarsa mai zafi ce. Idan ka jiƙe fentin inamel da ita zai iya yamutsewa, sitika ma za ta iya tsattsagewa. Ana fesa shi a kan akirilik da sitika lafiya lau, muddin hannu na farko ƙura-ƙura ne kawai. Warinsa kuma ba na wasa ba ne. Sai da takunkumi mai matatar tururin sinadari, irin mai lamba A2P3, da fanka mai fitar da iska waje. Takunkumin takarda ba ya tare tururin tina ko kaɗan. Na ruwan ma ba a shaƙar feshinsa, rashin wari ba ya nufin ƙurar ba ta shiga huhu.

Na huɗu inamel ne, irin tsohon Humbrol lamba 49. Yana jinkirin bushewa, yana iya narkar da aikin tsufa da aka yi da fentin mai ko inamel, kuma da tafiyar lokaci yakan yi rawaya, abin da ke fitowa fili a kan farin fenti. Ba na ba da shawararsa ga mai bindigar feshi, tun da akwai waɗanda suka fi shi.

A taƙaice, wanda ke aiki a ɗaki marar mafitar iska ya tsaya kan na ruwa. Wanda yake da wurin feshi mai kyau ya ɗauki lakwa. Wanda yake tsaka-tsaki, XF-86 zai ishe shi.

Kafin ka saya ma, ka duba hotunan ainihin abin da kake kwaikwayo. Tankoki, tufafin sojoji, tanti da buhunan yashi, waɗannan sun dace da rashin sheƙi sosai. Jiragen sama da yawa kuwa suna da ɗan haske a jikinsu, kuma jirgin da aka kashe masa sheƙi gaba ɗaya yakan yi kama da abin da aka sassaƙa da alli. Ga irinsu, banish na tsaka-tsaki kamar Tamiya X-35, ko gaurayen marar sheƙi kashi 2 da mai sheƙi kashi 1 na kamfani ɗaya kuma nau'i ɗaya, ya fi kama da gaskiya.

Shirya samfurin

Sitikar ruwa, wato wadda ake jiƙawa a ruwa kafin a liƙa, a kan fuska mai sheƙi ake liƙa ta, ba a kan marar sheƙi ba. Idan an liƙa ta a kan fuska mai ƙaiƙayi, iska na maƙalewa a ƙarƙashin fatar sitikar, sai gefenta ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Banish marar sheƙi ba ya ɓoye wannan, fito da shi yake yi. Saboda haka ka duba kowace sitika da fitila ta gefe. Inda ka ga wannan ƙyallin, soke wurin da tsinin sabuwar reza, ka ɗiga ruwan tausasa sitika irin Micro Sol, ka bari ya kwanta. Ka ba sitika awa 24 ta bushe, sannan ka goge kewayenta da auduga mai ɗan danshi, domin ragowar gam da ruwan tausasawa sukan fito a matsayin farin tabo bayan banish ya hau.

Idan sitikar mai kauri ce, fesa mata siririn banish mai sheƙi a kai tukuna. Wannan yana daidaita gefenta da jikin fenti, kuma yana kare ta daga tinar lakwa.

Fentin mai da aka yi aikin tsufa da shi yana buƙatar haƙuri. Ba shi kwana 2 zuwa 3, idan ya yi kauri fiye da haka. Idan bai bushe ba, banish na ruwa zai riƙa tattaruwa ɗigo-ɗigo a kansa ya ƙi bajewa. Garin launi kuwa, wanda ake yin ƙura da taɓo da shi, banish yana haɗiye yawancinsa, musamman masu haske. Shi ya sa ake barin sa sai bayan banish.

Gilashin matuƙi, fitilu da madubai a rufe su da tef, domin banish marar sheƙi yana mai da gilashi hazo. Haka wuraren da aka yi wa fentin ƙarfe mai ƙyalli, kamar bakin injin jirgi: idan ya hau su za su koma toka kawai. A ƙarshe ka bi samfurin da buroshi mai laushi, ka hura masa iska zalla daga bindigar, ka kafa shi a kan sanda ko wani mariƙi. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa shi.

Motsawa da tsinkawa

A nan ne rabin matsalolin ke farawa. Garin silika yana kwantawa a gindin kwalba ya dunƙule. Girgizawar daƙiƙa goma ba ta tayar da shi. Buɗe kwalbar, sa sanda mai tsabta har ƙasa, ka kankaro abin da ya kwanta, ka motsa minti 2 zuwa 3, sannan ka rufe ka girgiza. Idan kwalbar mai bakin ɗiga ce, cire bakin ka jefa ƙwallon gilashi ko na ƙarfen da ba ya tsatsa a ciki. Ƙarfe na gama-gari zai yi tsatsa a cikin na ruwa ya ɓata maka kwalba.

Illar rashin motsawa ba ta tsaya a rana ɗaya ba. Duk lokacin da ka tsiyayi na sama ba ka motsa ba, ka ɗebe ruwan ka bar garin. Rabin farko na kwalbar zai riƙa ba ka sheƙi, rabin ƙarshe kuma ya cika da gari ya riƙa yin fari. Tsohuwar kwalbar da ta kusa ƙarewa ta yi kauri, ko dai ka ƙara mata mai sheƙi irin nata, ko ka ajiye ta.

A wani ƙaramin kofi ake haɗawa, ba a cikin kofin bindiga ba, domin wanda ya fara zuba banish a kofin bindiga, mai kaurin ne zai fara shiga nozul, wato ɗan bakin da feshi ke fita ta cikinsa. Ga inda za a fara, sannan a daidaita da gwaji:

Mr. Color GX113 ko GX114: banish kashi 1, tina kashi 2 zuwa 3. Suna da kauri a kwalba.
Tamiya XF-86 da LP-23: kashi 1 da kashi 1, har zuwa tina kashi 2.
Na ruwa irin Vallejo: banish kashi 2 zuwa 3, tinar kamfanin kashi 1, da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan hana saurin bushewa a kowane kofi.
Waɗanda aka ce a shirye suke don feshi: gwada su haka, idan suna tofi ka ƙara 'yan ɗigon tina.

Kada ka zuba alkohol a cikin na Vallejo, yana iya dunƙule shi ya zama kamar danƙo a cikin bindiga. Idan ka ga 'yan gudaje a cikin haɗin, tace shi da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi kafin ya shiga kofi. Gudaji ɗaya na silika ya isa ya bar farin ɗigo a tsakiyar fiffike.

Irin tinar ma tana canja sakamako. Mr. Color Leveling Thinner tana da sinadarin jinkirta bushewa, banish yana samun lokacin kwanciya, sai fuskar ta fito da laushi da ɗan haske kaɗan. Tina mai saurin bushewa tana ba da rashin sheƙi mai ƙarfi, amma ta fi saurin jawo fari idan iska na da laima.

Feshin kansa

Nozul mai faɗin milimita 0.3 zuwa 0.5 ake so. Mai 0.2 zai yi ta toshewa, musamman da na ruwa. Saita ƙarfin iskar kwamfuresa tsakanin psi 15 da 20, wato kusan 1 zuwa 1.4 a ma'aunin bar, kuma ka karanta ma'aunin a lokacin da iska ke fita, ba lokacin da bindiga ke ajiye ba. Na ruwa yakan so ɗan ƙari, zuwa 22. Zubar da ruwan da ya taru a matarin ruwa na kwamfuresa kafin ka fara. Ɗaki mai zafin digiri 18 zuwa 25 da laimar iska ƙasa da kashi 65 cikin ɗari shi ne mafi sauƙin aiki. Ranar da ake ruwa ko iska ta yi nauyi, jinkirtawa ta fi gyara sauƙi.

Gwaji dole ne, kuma a kan baƙi. Ka tanadi 'yan cokulan roba da ka fesa wa baƙin fenti mai sheƙi. Fari ba ya ɓuya a kan baƙi. Fesa wa cokali ɗaya haɗin da ke kofinka, da tazarar da za ka yi aiki da ita, ka jira minti 10. Idan ya fito baƙi mai laushi, ci gaba. Idan ya yi toka-toka, kada ka kusanci samfurin da wannan haɗin.

Riƙe bindiga tazarar santimita 10 zuwa 15 daga jikin samfurin, tana fuskantarsa kai tsaye. Danna iska tukuna, ka ja kunamar baya kaɗan a wajen samfurin, ka ratsa ta kansa, ka saki bayan ka wuce. Farawa ko tsayawa a kan samfurin shi ke jawo tofi. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi.

Hannu na farko ƙura ce kawai, wadda da ƙyar za ka ga ta sauka. Aikinta ta ba na gaba wurin kamawa, ta kuma tsaya tsakanin tina da sitika. Jira minti 5 zuwa 10 idan lakwa ne, 15 zuwa 20 idan na ruwa ne.

Hannu na biyu shi ne ainihin aikin, kuma fitila ce za ta jagorance ka. Ajiye ta ta gefe yadda haskenta zai kwanta a kan fuskar. Abin da kake nema: wurin da feshi ya sauka ya yi ɗan ƙyallin danshi, ƙyallin ya ɓace cikin 'yan daƙiƙu kana kallo. Idan bai yi ƙyalli ko kaɗan ba, banish ɗin yana isowa a bushe, matso kusa ko ka rage iska. Idan ƙyallin ya tsaya ya ƙi tafiya, ka zuba da yawa, garin zai nutse, wurin zai bushe da sheƙi. Kada ka bi wurin da ƙarin feshi don ka kashe sheƙin nan take. Bar shi ya bushe, sannan ka wuce da siririn hannu a kai.

Hannu 2 zuwa 3 sun isa. Idan na uku bai kashe sheƙi ba, matsalar tana cikin kofi, ba a yawan hannu ba.

Ka kula da lunguna: inda fiffike ya haɗu da gangar jirgi, ƙarƙashin hasumiyar tanka, tsakanin tayoyi. Iska tana juyawa a irin waɗannan wurare, ƙurar banish ta bushe tana yawo, ta sauka da ƙaiƙayi kamar yashi. Fara da su, ka rage iska zuwa psi 12 zuwa 15, ka matso kusa, ka buɗe kunama kaɗan, sannan ka koma kan shimfiɗaɗɗun wurare. Da na ruwa kuma, ajiye auduga mai ɗan tina kusa, ka riƙa goge tsinin allura duk bayan minti ɗaya ko biyu. Idan aikin ya yi tsawo, motsa abin da ke cikin kofin bindigar ma, garin yana kwantawa a can.

Idan ya yi fari

Farko ka gane wane irin fari ne. Idan fuskar ta yi ƙaiƙayi a ƙarƙashin yatsa, feshi ne ya bushe a iska saboda nisa ko yawan iska. Idan farin ya taru a cikin layuka da kewayen ƙusoshi, gari ne ya yi yawa ko banish ya kwanta a wurin. Idan kuma hazo ne mai laushi da ya bazu ko'ina, laima ce: tina tana ƙafewa da sauri, fuskar ta yi sanyi, ruwan da ke cikin iska ya sauka a kanta ya maƙale a cikin banish.

Yawancin lokaci ba sai an kankare fenti ba. Bar shi ya bushe sosai, sannan ka fesa banish mai sheƙi mai ɗan danshi a kai. Zai cike ƙananan ramukan da ke watsa haske, launi ya dawo. Don ka san ko zai yi, ɗiga ruwa a wurin: idan farin ya ɓace yayin da wurin ke jiƙe, mai sheƙin zai gyara shi. Bayan kwana ɗaya sai ka sake marar sheƙi da sabon haɗi. Idan lakwa ne ya yi hazo, siririn feshin Leveling Thinner zalla yakan narkar da saman ya saki ruwan da ya maƙale. Siriri sosai, domin idan ta jiƙe za ta kai ga fenti da sitika. Fuskar da ta yi ƙaiƙayi kuwa, bi ta a hankali da soson gogewa mai lamba 3000 ko sama kafin mai sheƙin ya hau.

Bayan an gama

Lakwa yana taɓuwa bayan kamar minti 15, amma a ba shi 'yan awoyi. Na ruwa a ba shi awa 24 zuwa 48 kafin a riƙe shi da hannu ko a ɗora masa wani abu. Rufe samfurin da kwali mai 'yan ƙofofi don ƙura. Fuska marar sheƙi tana shan maiƙon yatsa, kuma yawan shafa yana goge ƙaiƙayin ya bar tabo mai ƙyalli, don haka safar hannu ta zama dole daga nan.

Kafin ka cire tef daga gilashi, bi gefensa da tsinin sabuwar reza a hankali, don ka yanke fatar banish da ta haɗe tef da firam. In ba haka ba za ta yage ta ɗauko fentin firam ɗin. Fitilu, idon na'urar hange da wuraren da mai ya zuba, a mayar musu da sheƙinsu da ɗigon banish mai sheƙi a bakin buroshi.

Bindigar kuma a wanke ta nan take, kafin a tsaya kallon aiki. Banish ba shi da launi, don haka kofi zai yi kamar ya fita alhali akwai saura a cikin nozul. Zubar da ragowar, goge kofin, fesa tinar da ta dace sau biyu ko uku, sannan ka zare allura ka goge ta daga baya zuwa tsini. Na foliyuretan idan ya bushe a ciki ruwa ba ya fitar da shi, sai an kwance nozul an jiƙa shi a tinar lakwa, bayan an cire duk wani zoben roba da ke jikinsa, domin tinar tana kumbura roba.